Ƙullin Garin Kunu daga 'Yandoto

Sana'ata aika kaya ƙasar waje. In na faɗi haka sai mutane su ɗauka wani ofis gare ni mai kujera mai juyi. Ɗaki ɗaya ne a gidan mijina a Gusau, da sikeli, da tulin kwalaye, da salatif, da warin daddawa da ya kama bango har ni na daina jinsa sai baƙo ya shigo ya toshe hanci. Masu sayen kayana matan Hausawa ne da ke zaune a Ingila. Kuka, busasshiyar kuɓewa, tsamiya, zoɓo, yaji, kanwa, turaren wuta, duk abin da mace za ta nema a can ta rasa. Daddawa kuwa daga Bungudu nake ɗauko ta, garinmu, wajen matan da suka san ni tun ina yawo ba ɗankwali. Nakan haɗa kayan mata da yawa a babban kwali ɗaya don kuɗin jirgi ya yi sauƙi, in rubuta sunan kowa a ledarta, in sa a mota zuwa Kano. A can wani Alhaji mai harkar jigilar kaya ta jirgi ne ke ɗorawa. In ya sauka, wadda aka sa adireshinta ta karɓa ta raba wa sauran.

Babu ɗaya daga cikin matan nan da ta taɓa ganina ido da ido. Ba su san ko doguwa ce ni ko gajera ba. Mace ta zauna a wata duniya ta turo haƙƙinta wajen wadda ba ta sani ba, me ta riƙe? Suna kawai. Muna da zaure a waya inda muke haɗuwa, in wata sabuwa ta shigo ta tambayi wa ke aiko da kayan miya, sai a ce mata ga wance a Gusau, tana da amana. Wannan kalma ita ce jarina, ita ce shagona. Na yi shekaru ina tara ta, kwali bayan kwali, ban taɓa rage wa wata ko ƙwayar masoro ba.

Doka ɗaya Alhajin Kano ya kafa mini tun ranar farko. Ya ce, “Hajiya, nama da nono da man shanu ba sa shiga ƙasar nan. Ko tsokar da za ki jefa wa kyanwa kada ki sa. Karnuka gare su masu shinshina, in suka ji, kwalin gaba ɗaya ya tafi, kuma ni za a fara tuhuma.” Na riƙe maganar nan hannu bibbiyu. Na sha ɓatawa da mutane a kan kilishi, ban damu ba.

A cikin zauren akwai wata matar likita, asalinta 'yar 'Yandoto ce ta wajen Tsafe. Irin matan nan ne da ba sa iya gaishe ka sai sun yayyafa Turanci kamar gishiri. Tun farko jinina bai haɗu da nata ba, amma ciniki ba ya neman sai jini ya haɗu. Ita ke da babban gida, don haka adireshinta ake sawa, ita ke karɓa ta raba. Allah ya ba ta haihuwar fari bayan dogon jira. A al'ada gida ya kamata ta dawo uwarta ta yi mata wanka, ta dama mata kunun kanwa, ta ciyar da ita har ta yi arba'in. Ba ta dawo ba. An nema wa uwar izinin shiga ƙasar, aka hana. Sai ta kira ni ta ce in haɗa mata kayan jego, yaji da kanwa da kayan ƙamshi, amma garin kunu na geron uwarta take so, uwar za ta kawo mini da kanta in haɗa. Na ce ba komai. A lokacin har tausayi ta ba ni.

Tsohuwar ta zo da hantsi. 'Yar ƙarama ce, busasshiya, ido kamar na shaho, ta ɗauko bokitin roba mai murfi a ka. Muka gaisa, na kawo mata ruwa. Tana ɗaga murfin ƙamshi ya cika ɗakin. Dambun nama ne, ja wur, ya sha mai da yaji, wanda ko mai azumi ya gani sai ya haɗiyi yawu.

Ta ce, “Wanga na mai jego ne. Ki sa shi sama-sama kada a danne shi.”

Na ce, “Inna, nama ba ya tafiya.”

“Mi yas sa?”

“Dokar ƙasarsu ce.”

Ta dube ni daga sama har ƙasa. “Ƙasar tasu ba a haihuwa?”

Na yi mata bayanin karnuka da kwastan, na kwantar da murya kamar mai lallashin yaro. Ta bari sai da na gama, sannan ta ce ita tun da take ba ta taɓa ba direba sallahu ya buɗe ya tambaye ta abin da ke ciki ba. Ta ce ta aika nama Kaduna, ta aika Zariya, har Makka an kai mata kilishi, ba wanda ya kawo mata zancen kare. Ta ce in dai ƙarin lada nake nema in fito fili in faɗa.

Nan ne raina ya ɓaci. Ni mutum ce mai saurin hawa, kowa ya san ni ya san haka. Na ce, “Inna, ni ba direba ba ce, kuma Ingila ba Funtuwa ba ce. Ko bokitin zinariya kika haɗa mini da shi, naman nan ba zai shiga kwalina ba.”

Ta mayar da murfi a hankali, ta danna shi ta kowane gefe. Ta ce, “Allah shi ba ki ɗiya ta haihu inda hannunki ba ya kai.” Ta ɗora bokitinta a ka ta fita. Ruwan da na kawo mata yana nan yadda na ajiye shi.

Bayan 'yan kwanaki sai ga ta ta dawo, kamar ba ita ba. Fara'a har kunne, tana ta sa mini albarka, ta tambayi maigida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ta kawo mini tsarabar hoce. Ta ce ta yi tunani, gaskiyata ce, kowace ƙasa da dokarta, ta raba wa jikoki dambun sun cinye. Sannan ta sauke garin kunun. Ƙaramin buhu ne, an sa leda a ciki, an danƙara garin ya yi tauri kamar dutse, an ɗinke bakin da zare mai kauri, ɗinki kusa da kusa. Ruwa ba ya tsami banza, zuciyata ta faɗa mini haka. Na mammatsa buhun, ban ji komai ba sai tauri. Na miƙa hannu wajen almakashi.

Ta riƙe mini hannu da sanyin murya. “Haba ɗiyata. Na yi mishi addu'a na ɗinke. Hannun uwa ya ruhe, bari hannun ɗiya shi buɗe.”

Daga baya mutane da yawa sun ce mini ai da na farke. Baki ne, ba ya ciwo. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san in tsohuwa sa'ar uwarka ta ɗinke sallahu ta miƙo maka, farke shi a gabanta daidai yake da ka ce mata maƙaryaciya. Ga shi kuma mun riga mun yi sa'insa sau ɗaya, ta dawo ta ba ni gaskiya. Wanda ya ce laifina ne ya zo ya farke ɗinkin uwar wani a gabanta in gani. Na ɗora a sikeli, na rubuta garin gero, na sa a tsakiyar kwali. Kewaye da shi kayan mata ne da yawa, har da turaren wata da za ta aurar da 'yarta, wanda na ɗauki makonni ina haɗawa. Na naɗe da salatif, na kai tasha.

Kaya suka tashi lafiya. Akwai lambar da ake bi a waya a ga inda kwali ya kai. Na ga ya bar Kano, na ga ya sauka can, daga nan ya tsaya cak. Kullum in duba, yana nan. Mata suka fara tambaya a zaure, ina ba su haƙuri.

Ina tsinke zoɓo Alhajin Kano ya kira. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, mutumin da sai ya tambayi lafiyar kajin gidanmu kafin ya shiga magana. Ya ce, “Hajiya, kin ci amanata.”

Na ce, “Ni? Alhaji, ka san da wa kake magana kuwa?”

Ya ce an sami nama a kwalina, mai ya tsattsafo ya ɓata sauran kayan, an lalata duka, babu abin da ya tsira. Ya ce an sa wa kayansa ido saboda ni, kuma kada in sake aiko masa da ko allura. Na rantse masa, ya ce rantsuwata ba za ta fito da kwali daga wuta ba. Da zai kashe ya ce ai an sanar da mai adireshin tun tuni, ita ya kamata ta fara gaya mini.

Na zauna a kan buhun tsamiya. Komai na cikin kwalin nan da hannuna na auna, da hannuna na ƙulla, in ban da abu ɗaya. Ba sai an kira mini mai duba ba.

Duk da haka na yi abin da ya kamata. Ban kai maganar zaure ba, na kira matar likita ita kaɗai. Na yi mata barka da jego, na tambayi jariri. Na ce, “Hajiya, an ce an sami nama a kwalinmu. Abu ɗaya ne ban ƙulla da hannuna ba, garin da Inna ta kawo. Ki tambaye ta a hankali, mu san yadda za mu fuskanci sauran matan.”

Ta ce, “Uwata kike kira maƙaryaciya?”

Na ce ban faɗi haka ba. Ta kashe.

Kafin in tashi daga kan buhun nan saƙon muryarta ya faɗo zaure. Tana kuka, jariri na kuka a bayanta, kamar an tsara. Ta ce tun farko ban aika komai ba, na cinye haƙƙin mutane, lambar da na ba su ta ƙarya ce. Ta ce da asiri ya tashi tonuwa sai na laƙa wa mahaifiyarta, tsohuwa mai carbi wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ta ce ita babu wata sanarwa da ta zo mata. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, na sha jin haka, amma ranar na ga yadda ake naɗewar.

Wa zai saurare ni? A gefe ɗaya mai jego da ɗanyen jiki tana kare uwarta, a ɗaya gefen wata mai daddawa a Gusau da ba a taɓa gani ba. Matan da jiya suke kirana Antinmu suka koma jero mini Allah ya isa. Mai auren 'ya ta zage ni har kakannina na Bungudu. Na ce su kira Alhajin Kano su ji daga bakinsa, suka ce ai bakinmu ɗaya, ɓarawo ba ya rasa abokin rantsuwa. Na ce to zan sake haɗa wa kowa kayanta daga aljihuna, wata ta ce kun gani, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In na yi shiru su ce na amsa laifi, in na yi magana su ce borin kunya. Wata ta ɗauki hotona na ranar Sallah ta rubuta ɓarauniya a ƙasa, ta watsa a wasu zaurukan.

Ban ɗauka abin zai tsallako teku ba, amma kowace mace a can tana da dangi a nan. Na je Bungudu, matar da nake sayen daddawa a wajenta tun ina amarya ta ƙi haɗa ido da ni. Da ta gama auna mini ta ce, “An ce wai kin samu matsala da mutanen Turai.” Ta ce wannan karon sai dai hannu da hannu. A gidan biki a Gusau na shiga ɗaki, mata suka yi tsit, wata ta jawo jakarta kusa da cinyarta. Wallahi na ga lokacin da ta jawo ta. Ɗakin kayana ya koma shiru, kwalaye a jingine, sikeli ya yi ƙura.

Maigidana mutum ne mai sanyi, Allah ya haɗa wuta da ruwa a gida ɗaya. Ya ce in yi haƙuri, ramin ƙarya ƙurarre ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ce, “Malam, nawa cikin ya cika. Kai in aka kira ka ɓarawo a masallaci haƙuri za ka yi?” Ya ce uwar matar likitan tsohuwa ce fa, sa'ar Innata. Na ce Innata ba ta taɓa ɗinke ƙarya a buhu ba. Na tsani matar likitan nan, na tsani uwarta, ina kwana da su ina tashi da su. Abinci ma ya daina yi mini ɗanɗano.

Wata rana da safe na shiga motar Tsafe, don hanyar nan ba wanda ke son yamma ta riske shi a kanta. Na sauka 'Yandoto na tambayi gidan uwar matar likita ta Ingila, nan da nan aka nuna mini. Na same ta a tsakar gida tana bakace. A gefen rumbu akwai turke da igiya a yashe, babu dabba. Tana ganina fuskarta ta washe, irin washewar wanda ya ci kasuwa. Nan na gane 'yarta ba ta gaya mata komai ba. A tunaninta kaya sun isa.

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta damo mini fura. Na karɓa na ajiye a gefe ban kai baki ba. Wayata tana kan cinyata a ƙarƙashin mayafi, na riga na buɗe zauren. Akwai wurin da in ka danna ka riƙe yana ɗaukar murya, in ka saki ya tafi ga kowa. Na ɗora babban yatsana a kai.

Na yi murmushi, Allah ya sani da ƙyar. Na ce, “Inna, kin ci ni wasa. Ashe dambu na cikin garin nan. Yaya kika yi har na matsa ban ji ba?”

Ta ajiye faifai ta yi dariya har da buga cinya. “To, ba na hwaɗa miki ba? Ku yaran zamani kuna ganin kun hi kowa wayo.” Ta gyara zama ta ba ni labari tiryan-tiryan. Ta ce ragonta ta sa aka yanka, wanda ta yi kiwo tun yana ɗan ƙarami, ta nuna turken da haɓa. Ta ce da kanta ta daka ta soya, ba ta bari wata ta sa hannu ba. Ta ƙulla shi ƙanana-ƙanana a leda, ta zuba gari ta jera, ta zuba gari ta jera, ta danƙara da taɓarya.

Na ce, “Kai, Inna, wannan dabara taki ce?”

“Ina ni ina sanin wanga? Ɗiyata tac ce in yi haka. Ranar da kika kore ni na sa aka kira mini ita ina kuka. Tac ce in tura shi tsakiyar gari in ɗinke, ba su dubawa, kuma kada in hwaɗa miki, don ke kin cika iyayi.” Ta sake dariya. Sannan ta matso, muryarta ta sauka. “To ta ci? Ba ta kira ni ba tun rannan. Ta ce ya yi daɗi?”

Na ɗaga yatsana. Na ji wayar ta yi ɗan motsi a cinyata, saƙo ya tafi.

Na ce, “Ba ta ci ba. An kama shi, an ƙone. Da shi da kayan mutane gaba ɗaya.”

Ta tsaya tana kallon bakina. “Ƙonewa? Wa ka ƙone nama?”

“Su.”

“Ba su ba ko mabuƙata ba?”

“Ba su ba kowa ba.”

Ta juya ta dubi turken nan, ta daɗe tana dubansa. Da wata ce da nan ta tsaya. Ni ban tsaya ba, don abin da ya kawo ni ke nan. Na gaya mata 'yarta ta san an ƙone tun tuni, ta ɓoye, ta hau waya ta ce wa duniya ni ɓarauniya ce. Na gaya mata duk abin da ta faɗa yanzu mata sun ji shi a Ingila.

Ta waiga hagu da dama. “Waɗanne mata? Mu biyu muke.”

Na fito da wayar na danna mata. Muryarta ta fito, da dariyarta, da bugun cinyarta. Ta saurara har inda ta ce ɗiyata tac ce, sai ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce, “Kin shigo gidana, na ba ki tabarma, kin sace mini magana.”

Na ce, “'Yarki ta sace mini suna. Na zo karɓa ne.”

Na tashi na karkaɗe zanina. Furarta tana nan yadda ta kawo ta, ƙuda sun fara sauka a bakin kwanon.

Tun kafin mota ta wuce Kwatarkwashi wayata ke ɓari. Yi haƙuri Anti, mun zalunce ki Anti, shaiɗan ne Anti. Mai auren 'ya ta kira tana kuka, na bar ta ta yi kukanta ya ishe ta kafin na ce na ji. Wadda ta rubuta ɓarauniya a hotona na sa ta bi duk zaurukan da ta watsa ta janye da bakinta, kuma ta bi. Suka juya kan matar likita kamar kaji sun ga ɓawon gyaɗa. Ita kuwa aka ga dai ta fice daga zauren. Har yau ba ta nemi gafarata ba, ni ma ban ajiye mata ita ba. Na tura wa Alhajin Kano muryar, ya saurara ya ce, “Ikon Allah. Aiko da kayanki, Hajiya.” Na ji daɗi ranar nan, ba zan ɓoye ba. Na ci tuwo har na nemi ƙari.

Ciniki ya dawo har ya fi da. Matar daddawa ta koma ce mini in ɗauka kawai sai na dawo. Na sayi babbar rariya na rataye kusa da sikeli. Daga ranar duk garin da ya shigo ɗakin nan sai na farke na tankaɗe a gaban mai shi, ko wace ce. Innata da ta haife ni ta kawo garin ɗanwake za a kai wa jikarta, na tankaɗe. Ta yi fushi, ta huce.

Bayan an gama girbi, ina cikin naɗe kwali, na ji sallama a bakin ƙofa. Na san muryar, ai na saurare ta a waya ba adadi. Ta ƙara bushewa, idon nan na shaho ya faɗa. Na amsa sallamar don wajibi ce, ban ce ta zauna ba. Ta zauna a ƙasa da kanta, ta kwance ƙulli a gefen zaninta. Garin kuka ne, kore shar, ba a ɗinke ba, ko ɗaurin kirki ba a yi masa ba.

Ta ce 'yarta ba ta sake ɗaukar wayarta ba tun ranar nan. An kira, an kira, sai ta aiko a gaya mata wai ta kunyata ta a gaban mutane. Ta ce ko muryar jikan ba ta taɓa ji ba. Yanzu ya isa fara cin tuwo, shi ya sa ta kawo kuka.

Na ce, “Inna, 'yarki ba ta sayen kaya a wajena, kuma ni ba na son ko jin sunanta.”

Ta ce, “Na sani. Ki ba wata ta miƙa mata.” Ta tura ƙullin gabana. “Tankaɗe.”

Na ɗauko rariya. Ba zan ce hannuna ya yi nauyi ba, don bai yi ba. Na shimfiɗa faranti na zuba na tankaɗe a gabanta, tana kallo, har ya ƙare. Abin da ya rage a rariyar 'yan tsinkayen ganye ne. Na juya mata ita ta gani.

Ta ce, “Kin ga wani abu?”

“Ban gani ba.”

“To ki hwaɗa musu. Cikin wayar nan taki, yadda kika hwaɗa musu wancan. Ki ce tsohuwar 'Yandoto ta kawo kaya, an tankaɗe, ba komi ciki.”

Na so in ce mata zaurena ba wurin wanke mutane ba ne. Maganar ta zo har bakina. Amma na san abin da take nema, don shi na shiga motar Tsafe na je nema a tsakar gidanta. Na ɗauki wayar na danna, na faɗa kamar yadda ta ce, ban ƙara ba ban rage ba, na saki.

Ta matso tana leƙen fuskar wayar, ita da ba ta karatu. Amsoshi suka fara shigowa, masha Allah, Allah ya saka wa Inna, Allah ya shirya zuri'a. Na karanta mata su ɗaya bayan ɗaya, tana gyaɗa kai. Da na tsaya ta ce, “Ita hwa? Mi tac ce?”

Na ce, “Inna, ba ta cikin zauren. Ta fita tun rannan.”

Ta sa hannu ta tattara garin kukar da ya zuba a gefen faranti, ta mayar cikin leda, ta miƙo mini in auna.